cp ya ce ya gama, na kai imaj ɗin Marwa ya ƙi tashi

sanda_garwa
Salamu alaikum jama'a. Ina kula da wata 'yar santir ta koyar da kwamfuta a nan Garwa, muna da mashin guda mai RAM 32GB da Debian a kai, a cikinsa nake tada VM na ɗalibai, wato kwamfutocin kwaikwayo da ke aiki a cikin ta gaske, da manhajar KVM. Wani abokina ya buɗe tasa santir ɗin a Marwa ya ce in kawo masa imaj ɗin da na riga na shirya, wato fayil ɗin da ke zaman diskin VM, don kar ya kwana yana saukar da kaya da wannan rezo namu. Fayil ɗin qcow2 ne, 12GB da ɗan kai. Na kashe VM ɗin, na soka diskin waje, na yi cp, umarnin kwafi na Linux, ya gama, layi ya dawo ba kuskure ko ɗaya, ls ma ya nuna girman daidai. Ina sauri kar mota ta tashi ta bar ni sai na zare igiya na jefa a jaka. Da la'asar na isa Marwa muka soka, fayil na nan da sunansa amma VM ya ƙi tashi, qemu-img check ya dinga zubo kurakurai kaman ruwan Agusta. Kuɗin mota zuwa da dawowa duk a banza. Diskin ne ya lalace ko me? Ni dai a sanina in abu ya ce ya gama ai ya gama.

dan_kusiri
Wa alaikumus salam. Ka yi umount, wato ka sallami diskin daga mashin, kafin ka zare?

sanda_garwa
Wlh ban yi ba, yaron ajans na ta kirana a waya wai saura ni kaɗai

dan_kusiri
To ka kashe maciji baka sare kansa ba kenan hhhh

malam_bappa
Sanda ƙanena, diskinka lafiyarsa ƙalau da alama, kuma cp bai yi maka ƙarya ba, kai ne baka san me yake nufi da na gama ba. Tunda ajans ka ambata bari in yi maka misali da ita. In ka kai kaya ajans za a aika Marwa, ana karɓa a ba ka rasit ka tafi gida hankali kwance, alhali buhunka na nan jibge a tsakar gida ba a ɗora shi kan mota ba. To haka Linux yake yi. Abin da cp ya rubuta ba diski yake zuwa kai tsaye ba, kanel, wato zuciyar Linux ɗin, shi ne ke karɓa ya ajiye a RAM ya ce wa cp shi ke nan na karɓa, sannan ya dinga sauke shi kan diski a hankali gwargwadon ƙarfin diskin. Yawan kayan da ya yarda su taru ba a sauke ba akwai ma'auninsa, vm.dirty_background_ratio da yake zuwa a 10 shi ne inda yake fara sauke kaya a bayan fage, vm.dirty_ratio da yake zuwa a 20 shi ne iyakar da in an kai dole mai rubutu ya tsaya jira. Kai da ke da 32GB lissafa kashi 20 cikin ɗari ka gani, ya haura 6GB. Ke nan lokacin da layin ya dawo ƙila kashi ɗaya cikin uku na fayil ɗinka yana RAM bai taɓa diski ba. ls ɗin da ka yi ma kanel ne ya ba ka amsa daga abin da ke hannunsa. Gobe in ka gama kwafi rubuta sync ka jira har layi ya dawo, sannan umount. In kana so ka gani da idonka buɗe wata taga ka sa watch grep -e Dirty -e Writeback /proc/meminfo za ka ga lambar na sauka har ta kusa sifiri.

sanda_garwa
Useko Malam, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na tuna a Marwa girman fayil ɗin 8GB da wani abu ya nuna, na ɗauka idona ne

yar_ngaundere
Ƙaramin gyara Malam Bappa, da izini. Kashi 20 ɗin ba daga jimlar RAM ake ɗauka ba, daga abin da ke sake ne da wanda za a iya ƙwatowa. In VM uku na aiki sun riƙe rabin RAM to lissafin zai ragu sosai. Amma maganarka na nan daram

malam_bappa
Gaskiyarki Hajiya, na gajarta ne. Shi ya sa rannan a yi sa'a rannan a ƙi, mutum ya rasa dalili.

bobbo_237
ni abin da nake yi kullum echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches kafin na zare, yana share kash ɗin, kayan nan da kanel ke tarawa a RAM, gaba ɗaya, ban taɓa samun matsala ba

dan_kusiri
Bobbo sa'a ce kawai ke binka. drop_caches ba ya rubuta komai kan diski, shafukan da aka riga aka sauke su yake zubarwa, waɗanda ba a sauke ba ko kallonsu ba ya yi. Lokacin da kake ɓatawa kana neman sudo kana buga dogon layin nan shi ne yake ba kanel dama ya ƙarasa aikinsa

bobbo_237
to ai a intanet na gani

dan_kusiri
Koma ka duba, za ka ga sync a farkon layin, kai ka yar da shi ka riƙe wutsiyar

abakar_injamena
Salamu alaikum daga tsallaken Shari. Ni abin da ya ƙona ni ba cp ba ne, qemu-img convert ne, kuma ina so ku ji don ya fi na Sanda ciwo. Watan Afrilun da ya wuce, zafin nan da ko kaza ba ta fita, ina mayar da imaj na wani ofis daga vmdk zuwa qcow2, na sa -p yana nuna min kashi nawa aka yi, ya kai ɗari bisa ɗari, na miƙe zan sha shayi sai kuran ya ɗauke, wato wuta, ondila kuwa, na'urar da ke riƙe mashin in an ɗauke, batirinsa ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Da aka tada gurup, wato janareta, na duba, sabon fayil ɗin ya rube. Abin takaicin na riga na buga rm na goge tsohon saboda wurin ya cika. Allah ya so akwai kwafin sati biyu baya a wani diski, da ban san inda zan sa kaina ba. Daga baya na gano cewa convert in baka faɗa masa komai ba, wajen fitarwa da yanayin unsafe yake rubutu, wato ba ya damuwa da tabbatar da an sauke, don sauri aka yi shi haka. Yanzu kullum -t none nake sawa, ya tsallake RAM ɗin mashin ya rubuta kai tsaye, in kuma ba na so ya cika min kash da karatu sai in ƙara -T none. Kuma ko na sa, sai na yi sync a bayansa kafin in goge komai, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

yar_ngaundere
Innalillahi, rm kafin a duba? Yaya Abakar kai ma da ƙarfin hali kake

abakar_injamena
Ƙuruciya ce Hajiya, ta bara hhh

hamadu_sisadmin
Ku daina wahala da cp, dd ne maganin. dd if=imaj of=/inda/za/shi bs=4M conv=sync status=progress shi ke nan

malam_bappa
Hamadu a kula, conv=sync ba abin da kake zato ba ne. Shi cike gurbi yake yi da sifiri in bulo bai cika ba, ba ruwansa da sauke kaya kan diski, sunan ne ke yaudarar mutane. Wanda kake nema conv=fsync ne, ya tilasta a sauke komai kafin dd ya fita. Ko oflag=direct in ana so a tsallake kash tun farko, da shi gudun da status=progress ke nunawa shi ne gudun diskin na gaskiya, ba wannan da zai fara da ɗaruruwan MB a daƙiƙa sannan ya sandare a ƙarshe ba. Sannan in imaj ɗin raw ne mai ramuka, irin wanda ls ke cewa 100GB du ya ce 9GB, dd zai cike ramukan duka da sifiri sai ka sa masa sparse. Ni a irin wannan cp --sparse=always ko rsync -S na fi so, in gama in yi sync.

hamadu_sisadmin
Kai, shekara nawa ina buga conv=sync ina jin kaina wani. Na gode Malam, na gyara

modibbo_yelwa
Ni duk yarenku ban gane ba, a Windows nake da VirtualBox. Tambayata mu ma abin ya shafe mu? Don ni zarewa kawai nake yi

dan_kusiri
Modibbo ku da ɗan sauƙi. Tun Windows 10 sigar 1809 kile, wato filash na USB, da diskin waje suna zuwa ne a tsarin cirewa da sauri, ba ya tara musu rubutu a RAM sosai, shi ya sa kake tsira. Amma in wani ya canza maka zuwa ɗayan tsarin na ƙarin gudu to kai ma ka shiga layin Sanda. Danna cirewar nan ta kusa da agogo ba ta cin kuɗi. In fayil ɗin babba ne yi amfani da robocopy da /J, ba ya bi ta kash

modibbo_yelwa
To madalla. Amma akwai wani abu, in na kwafi vdi, fayil ɗin diskin VirtualBox, na soka shi a mashin ɗaya sai ya ce wai UUID ɗin ya riga ya wanzu

dan_kusiri
Wannan wata magana ce daban, ba ta kash ba ce. Kowane vdi da lambar shaidarsa a cikinsa, in ka kwafa da hannu lambar ma ka kwafa. Yi VBoxManage clonemedium zai ba sabon tasa lambar

yar_ngaundere
Mu dawo kan Sanda. Akwai tarko na biyu da ba wanda ya ambata. Wani zai ce to na gane, zan yi sha256sum, mai fitar da lambar tantance fayil, na asali da na kwafi in kwatanta. Ya yi, lambobi su yi daidai, ya yi murna. Alhali na kwafin daga RAM aka karanto masa, wato kanel ya nuna maka abin da ke hannunsa ne, diskin ba a ma tambaye shi ba. Kamar ka tambayi wanda ake bi bashi ko ya biya ya ce eh ka rubuta. Abin da nake yi a wurin aikinmu: sync, umount, in zare igiyar gaba ɗaya, in sake sokawa, sannan sha256sum. A nan ne ma drop_caches ɗin Bobbo ke da amfani in ba a son zarewa, amma bayan sync. Lambar kuma ina ajiye ta a ɗan fayil kusa da imaj ɗin don wanda ya karɓa can ya duba da kansa. Eh yana cin lokaci, amma bai kai Garwa zuwa Marwa da dawowa ba

bobbo_237
kun gani ashe dai ina da rana

sanda_garwa
Hajiya wannan ta ƙarshen ta same ni a ƙirji, gindina har yanzu ciwo yake saboda hanyar nan

alaji_pieces_pc
Yara ku ji magana daga mai sayar da kayan. Kuna ta zargin RAM amma ba wanda ya tambayi Sanda inda ya sayi diskin. Kasuwa cike take da jabu, kile an rubuta 128GB a jiki cikinsa ko 16 bai kai ba, yana karɓar rubutu yana ɗorawa kan na baya ba ya cewa uffan. Irin wannan ko ka yi sync sau ɗari ba abin da zai tsira. Ni duk wanda ya shigo shagona sai na gwada shi da f3write da f3read ko H2testw kafin in sa a gilas. Akwatunan diskin nan masu arha ma wasu guntun da ke cikinsu in an ce ya sauke sai ya amsa ya sauke alhali bai yi ba.

sanda_garwa
Alhaji diskin 1TB ne na tsohuwar laftof, akwati kawai na saya masa, shekara biyu ina aiki da shi

alaji_pieces_pc
To diskin na gaske ne, akwatin ne ban yarda da shi ba har sai na gani

malam_bappa
Alhaji ya taɓo wuri mai kyau. Rumbun, wato kash ɗin, ba ɗaya ba ne. Akwai na cikin VM ɗin kansa, akwai na mashin da ke ɗauke da shi, akwai kuma ɗan ƙarami a cikin diskin, wanda hdparm -W ke nuna maka ko a kunne yake. sync yana tura kaya ya kuma umarci diski ya zazzage nasa, amma in akwatin da ke tsakiya ya haɗiye umarnin ba yadda kanel zai sani. Shi ya sa bayan umount nake ƙara udisksctl power-off -b /dev/sdb in ji diskin ya daina juyawa kafin in taɓa igiya.

jibrilla_mundu
tambaya daga Mundu, ni fa ban iya kashe VM ɗina don a kansa ake lissafin kanti safe da dare, in na yi cp yana aiki sannan na yi sync ai ya wadatar ko

abakar_injamena
A'a ɗan'uwa, wannan cuta ce daban sync ba ya maganinta. Kana kwafar farkon fayil VM na canza ƙarshensa, ka iso ƙarshe ya koma ya canza farko, abin da za ka samu ɗinki ne na lokuta daban daban. Sa qemu-guest-agent a cikin VM ɗin, ka yi virsh snapshot-create-as da --disk-only --quiesce --atomic, zai daskarar da rubutu na ɗan lokaci ya karkatar da sabon rubutu zuwa wani ƙaramin fayil, sai ka kwafi babban a natse, in ka gama virsh blockcommit da --active --pivot ya haɗe su. Gwada a kan VM ɗin wasa tukuna kar ka fara da na kanti. Shi ya sa ma tun QEMU 2.10 qemu-img ke ƙin buɗe imaj ɗin da ke aiki, mutane sai su sa -U su tsallake, ƙofar da aka kulle don kare su ita suke ɓallewa

jibrilla_mundu
shukran, zan gwada ranar juma'a in an rufe

hamadu_sisadmin
Ni ina ganin a gyara abin daga tushe. RAM ya yi yawa yanzu, kashi 20 ɗin nan tun zamanin da mashin ke da 512MB ne yake da ma'ana. Sa vm.dirty_bytes=268435456 da vm.dirty_background_bytes=67108864 a sysctl, wato 256MB da 64MB, daga nan cp ba zai taɓa gaba da diski da nisa ba, mashin ma ya daina sandarewa in ana kwafi. In ka sa na bytes na ratio ɗin da kansa yake komawa sifiri

dan_kusiri
Hamadu yau ka faɗi daidai amma ban goyi baya ba. Ka rage asara ne baka kawar da ita ba, 256MB da ya ɓata a qcow2 ya isa ya kashe shi. Kuma ka koya wa mutum zarewa ba umount, ran da ya zauna kan mashin da ba a gyara ba fa?

hamadu_sisadmin
Ban ce a bar umount ba. Amma delestaj, ɗauke wutar nan, ba ya jiran ka yi umount, in kuran zai ɗauke gara ya same ni da 256MB a sama da 6GB

yar_ngaundere
A nan ina bayan Hamadu. Wanda ya rubuta wa kanel waɗannan lambobin ba a garin da wuta ke ɗaukewa sau uku kafin azahar yake zaune ba

dan_kusiri
In kuran ya ɗauke ana tsakiyar kwafi ai ko nawa ne a sama sai ka sake daga farko, to me ka ci?

malam_bappa
Kowa da gaskiyarsa. Ni a sabar da VM ke zaune na rage lambobin, a laftof ɗina na bar su. Abin da na fi damuwa da shi a garin delestaj shi ne yanayin kash na VM ɗin kansa. none yana tsallake RAM ɗin mai ɗauka, writeback yana bi ta ciki amma yana jin umarnin saukewa in VM ya bayar, writethrough da directsync kowane rubutu sai an tabbatar, ga aminci ga nawa kamar jakin Kano da kaya, unsafe kuwa yaron motar nan ne da ko ka tambaye shi an ɗora kayana zai ce an ɗora bai ko waiga ba. Na ga masu sa unsafe don girka Windows ya yi sauri, wannan ba laifi, laifin shi ne a manta a bar shi haka wata shida.

bobbo_237
wai me ake ce wa kash ɗin nan da Hausa ne, kowa sai kash kash kaman ana maganar kuɗi

alaji_pieces_pc
Zaure. Baƙo ya shigo gida amma bai shiga ɗaki ba

yar_ngaundere
Hhhh Alhaji wlh ya fi rumbun Malam Bappa, rumbu ai wurin zama ne na dindindin

malam_bappa
Na sallama, zaure ya ci

sanda_garwa
Jama'a na sake gwadawa da daren nan, na buɗe tagar watch ɗin kamar yadda Malam ya ce. Lokacin da cp ya dawo Dirty na nuna wajen 4.5GB, sync ya tsaya sama da minti biyu kafin ya sake ni, kenan jiya da na yi haƙurin shan kofi ɗaya na shayi da ban yi asarar yini ba. Na yi umount na zare na mayar na yi sha256sum, sun yi daidai, qemu-img check ma bai ga komai ba. Na kuma gano a ramin USB 2.0 nake sokawa duk tsawon nan, mai shuɗin da ya fi gudu yana bayan mashin ƙura ta rufe shi. Gobe ajans zan ba su kai, ni ba na sake hawa motar nan. Amma wani abu, wajen rabin kwafin diskin ya yi wani ƙas ƙas sau biyu sannan ya ci gaba, dmesg ya nuna reset na USB

alaji_pieces_pc
Me na ce muku? Akwatin ne ko igiyar. Kawo shi shago da safe kafin ka kai ajans

dan_kusiri
Ko kuma ramin gaba ne ba ya ba shi isasshen kuran, diski mai juyawa yana ja sosai in zai tashi. Soka a na bayan ka sake, in reset ɗin ya dawo sai ka je wurin Alhaji. Turo mana abin da smartctl -a ya ce kuma

sanda_garwa
smartctl ya ce bai san irin gadar USB ɗin ba, wai in sa -d

abakar_injamena
Gwada -d sat